Ranar Suna A Tambaya Ko An Duba Jinin Jariri

Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarka in yi magana da 'yan uwana mazauna zangunan Kumasi, musamman limamai da masu gida, a kan ɗigon jinin da ake ɗauka a dunduniyar jariri bayan haihuwa don a duba ko yana da ciwon sikila. Ni malama ce a wata makarantar matan aure a Aboabo, kuma abin da nake ji daga bakin ɗalibaina ya hana ni yin shiru. Wata ta ce mijinta ya hana a taɓa masa ɗa, wai Turai ake kai jinin a sayar. Wata ta yarda an ɗiba, amma da aka kira ta karɓar sakamako sai surukarta ta ce yaro na shan nono yana ƙiba, me za a je nema a asibiti?

Surukar abin da idonta ya gani take faɗa. Jaririn da aka haifa da sikila ba ya nuna komai a watannin farko, domin irin jinin da ya zo da shi daga ciki yana kare shi. Sai wajen wata shida, in wannan jinin ya ja baya, a ga hannuwa da ƙafafu sun kumbura, yaro na tsala kuka dare da rana, farin ido ya koma ruwan ɗorawa. Ɓarnar da ta fi wannan kuwa ba a ganin ta. Saifa ce ke lalacewa tun yana goye, ita ce kuma mai tace ƙwayoyin cuta daga jini. Zazzaɓin da ɗan maƙwabta zai yi ya miƙe, mai sikila yana iya ɗauke shi tsakanin Asuba da Isha. Ina da yaƙinin wasu cikin yaran da iyayenmu suka binne aka ce 'yan wabi ne, ko aka ɗora wa wata tsohuwa maita a kansu, wannan ciwo ne ya ci su.

Abin da ya sauya lamarin bincike ne irin wanda muke gudu yau. A 1986 likitoci a Amurka suka fitar da sakamakon wani gwaji: ƙananan yara masu sikila da ake ba penisilin kullum, kamuwarsu da muguwar ƙwayar da ke kawo ciwon huhu da sanƙarau ta ragu da kashi 84 cikin 100. Bambancin ya fito fili har aka tsayar da gwajin kafin wa'adinsa, don a ba sauran yaran maganin su ma. To amma yaya za ka fara ba ɗan wata biyu penisilin in ba ka san yana da ciwon ba? Dalilin tsaga dunduniyar ke nan. A 1995 marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, wanda shi ma ɗansa na fari da sikila aka haife shi, ya jagoranci fara duba jinin jarirai a asibitin Komfo Anokye, wanda duk muke ce wa Gee. Aikin ya nuna kusan jarirai 2 cikin kowane 100 da ciwon suke zuwa duniya. Duk wadda ke zuwa awo ta tuna yawan goyon da ke kan benci a rana ɗaya, ta yi lissafi da kanta.

Akwai abin da ya shafe mu 'yan zango fiye da kowa, kuma ba na jin ana faɗar sa a wa'azi ko a rediyo. Mutanenmu sun fara yarda da gwajin jini kafin aure, alhamdulillahi. Sai dai gwajin nan mai arha da ake yi a ce maka ba ka da sikila, jinin S, wato jinin sikila, kaɗai yake gani. Akwai wani jinin da ake kira C, wanda ya yi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, inda kakannin da yawa daga cikinmu suka fito, wannan gwajin kuwa ba ya kama shi. In mai AS (wadda ta gaji lafiyayyen jini A da jinin S) ta auri mai AC (wanda ya gaji A da C), kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai SC, shi ma sikila ne. Abin da ya faru a gidana ke nan. 'Yata AS ce, mun sani. Mijinta ya kawo takarda daga wani ɗakin gwaji ta ce ba shi da komai, aka ɗaura aure da farin ciki. Ɗigon dunduniya ne ya gaya mana jikana SC ne. Na ga yadda uban ya zauna da takardu biyu a hannu yana cewa an cuce shi, har aka samu wata nas mai haƙuri ta zana masa yadda abin yake. Yaron yanzu yana makaranta. Yana da katin asibiti, uwarsa ta iya taɓa cikinsa ta gane ko saifa ta kumbura, kuma in jikinsa ya yi zafi ba a tsayawa jiƙa saiwa ko sayen ƙwaya a kemis. Saboda haka mai shirin aure ya nemi gwajin da zai rubuta masa haruffa biyu ƙarara: AA, AS, AC, SS ko SC.

Magani ma ya ci gaba. An daɗe ana ba yara haidroksiyuriya a Amurka da Turai ana hana na Afirka, ana tsoron kada ya raunana su gaban maleriya. Sai aka gwada shi a kan yara kusan 600 a Angola, Kwango, Kenya da Uganda, sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna ciwon ƙashi ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mutuwa ta ragu, ita kanta maleriyar ta ragu. A Kano, a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, an duba gudun jini a ƙwaƙwalwar yara masu sikila da na'ura, aka ware waɗanda ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, aka ga maganin na kare su. Iyaye Hausawa irinmu ne suka kawo waɗannan yara. A 2022 aka sanar da shigar da haidroksiyuriya cikin inshorar lafiya ta Gana. Allurar rigakafin maleriya da aka fara yi wa yaranmu a 2019 ma, a Agogo da Kintampo aka gwada ta shekaru kafin nan.

Ban ce tsoron mutanenmu ba shi da tushe ba. Duk mai dangi a Kano ya ji labarin 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan. Cikin yara 200 da aka shigar gwajin, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin abin da ake ba 'ya'yansu ba, shari'a ta ja har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma a bambance. Ɗigon dunduniya duba ne kawai, ba a ɗura wa jariri komai. Gwajin magani kuwa ba ya halatta a ƙasar nan sai hukumar abinci da magunguna ta amince, kuma sai uwa ko uba sun yarda bayan an yi musu bayani. Kana da ikon ka ce a'a, kana da ikon ka janye ɗanka a tsakiya, kuma ba mai hana shi kulawa saboda haka.

A nan nake da ƙorafi a kan masu binciken. Takardar neman yarda da Turanci take zuwa, bayanin baki da Tonanci, wato yaren Asante, matar da ta taso a Sabon Zango ko Asawase tana iya ciniki da Tonanci a kasuwa amma ba za ta gane zancen jini da gado da shi ba. Sai ta gyaɗa kai don kunya, ta dangwala yatsa, ta koma gida ta kasa amsa tambayar mijinta, shi kuma ya ce kada ta sake komawa. Ku ɗauki 'ya'yan zango da suka karanta aikin jinya su riƙa bayani da Hausa, ku kira uban yaro shi ma. In kun gama binciken kuma ku dawo unguwa ku faɗa mana abin da kuka gano, ko a filin makaranta ne bayan La'asar.

Malamanmu limamai, Allah ya ƙara muku lafiya, ku ne ba a raɗa suna sai da ku. Ranar bakwai, kafin a raba goro, ku tambayi uban jariri ko an ɗauki jinin dunduniya. In an ɗauka, ku tuna masa ya ajiye takardar, ya amsa kiran asibiti in ya zo. In a gida aka haihu, ku ce masa ya raka maijego awon farko ya tambayi nas inda ake yi.

Wassalam.

Wata malamar makarantar matan aure,
Aboabo, Kumasi