Kafin ka yanki tikitin Malesiya

Assalamu alaikum.

Mutumina, bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da uwargida da yara. Saƙonka ya same ni tun makon jiya. Tambayoyin da ka jero sun fi ƙarfin amsar tsaye a waya, shi ya sa na bari sai yau da na samu zama.

Wallahi sai da na yi dariya da na ga abin da ka fara tambaya, wai ko macizai da 'yan fashi za su bar ku ku sake. Shekarata huɗu a Kuala Lumpur, maciji ɗaya na taɓa gani, shi ma a cikin keji. Abin da ya kwantar da ni asibiti har kwana biyar, ana ta yi mini ƙarin ruwa, sauro ne. Wani ɗan baƙi mai ɗigon fari a ƙafafu, shi ke kawo zazzaɓin dengi. Ba ruwansa da dare, da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma bayan la'asar, don haka gidan sauro ba ya raba ka da shi. A ruwa mai tsabta yake ƙyanƙyasa, ko da ɗan wanda ya taru a gindin tukunyar fulawa ne. Ni da na ji ciwo ta bayan idanuna, gaɓoɓina kamar an doddoke ni da taɓarya, sai na ce gajiya ce. Likita ya ce na yi sa'a da ban sha asfirin ko ibuprofen ba, domin suna iya jawo zubar jini ga mai wannan cuta. Farasitamol kaɗai ake yarda da shi. Abin da ya fi ba ni mamaki, lokacin da zazzaɓin ya sauka har mutum ya fara cewa ya warke, a nan haɗarin ya fi yawa. Ka taho da man korar sauro, ka riƙa shafa wa yara kafin ku fita, zazzaɓi kuwa in ya kama wani kada a yi masa jinyar otal.

Sai maganar lokaci. Ka ce a Disamba kake son kai su tsibirin Perhentian saboda hotunan da ka gani. Waɗannan hotuna ba na Disamba ba ne. Daga Nuwamba zuwa wajejen Maris iskar damina ke bugun gaɓar gabas, teku ya yi ta tumbatsa, yawancin masaukan Perhentian da Redang su rufe, jiragen ruwa su daina zirga-zirga. In dai Disambar ce hutunka, ku nufi yamma, Langkawi ko Penang. A Kuala Lumpur kuwa kusan kullum sai hadari ya haɗo da yamma, da tsawa mai sa mutum ya yi salati bai shirya ba. Awa ɗaya ko biyu an ɗauke. Ku riƙa yin yawonku da safe.

Tagwayen benayen Petronas dole ka je, don na san yara ba za su bar ka ba: hawa 88, tsawo mita 452, da gada a tsakaninsu. Ka sayi tikiti ta intanet tun da wuri, ku ɗauki hoto, shi ke nan. Ni abin da ya fi shiga raina a birnin shi ne gidan adana kayan fasahar Musulunci da ke kusa da Masjid Negara, babban masallacin ƙasar. Akwai tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu, da ƙananan siffofin manyan masallatan duniya, ka tsaya a kan Haramin Makka kana kallonsa kamar daga sama. Na shiga da niyyar rabin awa, sai kiran sallar azahar ya fito da ni.

Kogon Batu kuma wurin bautar Hindu ne, sai an hau matakala 272, ga wani ƙaton gunki ruwan zinariya a bakin shiga. Ko ba ka da sha'awar wurin ibadar, kogon kansa abin kallo ne. Amma birai! Ina tsakiyar hawa ina haki, wani ya diro kan ƙarfen dafawa, ya dube ni ido cikin ido, ya fizge robar ruwana, ya koma gefe ya huda gindinta da haƙori yana sha yana kallona. Kada yaro ya riƙe leda ko abinci a hannu, kuma in biri ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke da sabulu a wuce asibiti.

In da hali ku kwana ɗaya a Melaka, tafiyar kamar awa biyu ce a mota. A da daular Musulunci ce mai tashar jiragen fatake, Turawan Fotugal suka ci ta a 1511, 'yan Holan suka ƙwace a 1641, daga baya ta faɗa hannun Ingila. Kowa ya bar sawunsa, har yanzu ƙofar ganuwar Fotugal na tsaye. A 2008 UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya tare da birnin George Town na Penang. Abinci ba zai ba ka wahala ba, tambarin halal kawai za ka duba. Ɗan itacen nan duriyan dai ka ɗanɗana a waje, otal-otal da yawa ba sa bari a shiga da shi saboda wari.

Ɓarayi akwai, ban ce babu ba. Sana'arsu fizge ce a kan babur, don haka uwargida ta riƙa rataya jaka ta ɓangaren da ba na titi ba, kai ma ka daina tsayawa bakin hanya kana latsa waya. A hannun hagu ake tuƙi, wajen tsallaka titi dama za ka fara dubawa. Mota ka kira ta manhajar Grab, kuɗin a rubuce yake da ringit, kuɗin ƙasar, tun kafin ka shiga. Lambar gaggawa 999. Tsibiran gabashin jihar Sabah ka bar su tukuna, an sha sace baƙi a can, har da na tsibirin Sipadan a 2000.

Wannan kuwa da babbar murya nake faɗa maka, don na san ka da kunya: kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko ƙulli ne kamar na goro, ko tsohuwa ce ta roƙe ka da Allah da Annabi. Safarar ƙwaya a nan tana iya kai mutum ga rataya. A 2023 an bai wa alƙali zaɓin ɗauri maimakon kisa, amma ba a soke hukuncin ba, kuma "ban san abin da ke ciki ba" ba ta cika fitar da mutum ba.

Kada ka manta katin allurar shawara na kowa da kowa, da takardar shigowa da ake cikewa ta intanet cikin kwana uku kafin isowa. Da biza ta fito ka turo mini ranar da lambar jirgin, ni zan zo in ɗauke ku. Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce ina neman addu'a.

Naka,
abokinka na kullum.