Ba kowace mace tsimi ke wa aiki ba, kuma wani ɓangare na dalilin na iya zama a halittarta

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka.

Dan Allah ka ɗan bani fili inyi magana da 'yan uwana mata na nan Legas, da mazajensu ma in zasu daure su karanta, akan abinda ake zubawa kuɗi kamar ba'a san zafin nemansu ba amma ba'a son kiran sunansa a fili. Ni ma'aikaciyar jinya ce ɓangaren masu ciki da haihuwa, kuma duk wadda ke zaune Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 ta san yadda kasuwar kayan mata ta buɗe, da a gidan biki ake raɗa miki a kunne, yanzu ko a WhatsApp da Instagram ake talla ki tura kuɗi a kawo miki har ƙofar gida, gumba ce, tsimi ne, goron tula, kazar amarya, matsi, wannan ace daga Sakkwato wancan ace daga Nijar. Ni cinikin bai dameni ba, kowa da hanyar abincinsa. Abinda ke ci min rai shine maganar dake biyo baya in abu bai yi aiki ba, sai kiji ance ai wance tasha ta bada labari, ke ce dai Allah bai baki ni'ima ba, ko ace sanyi ne ya cinye ki, ko ace kishiya ce ta shiga ta fita. Yarinya ta koma ta sake sayen wani mai tsada, tana kuka a ɓoye.

To ga abinda ilimin likita ya gano. Jikin mace yana tafiya da sinadaran da ake kira homon, manyansu a wannan fanni sune estrojin da testosteron, eh mace ma tana da testosteron, ƙwan mahaifarta da wasu ƙananan halittu dake saman ƙoda ne ke yinsa, ɗan kaɗan dai ba kamar na namiji ba. Amma homon yawo kawai yake a jini, baya iya komai sai ya samu mai karɓar saƙonsa a cikin ƙwayoyin jiki, a ƙwaƙwalwa, a mama, a gaba. Kamar gidan rediyo ne, tasha ɗaya shiri ɗaya, gidan nan akwatinsu na kamawa tar, maƙwabta nasu sai shuuu. Shi wannan mai karɓa gadonsa akeyi daga uwa da uba, kuma rubutunsa ba ɗaya bane a jikin kowa.

Wani masani Elwood Jensen ne ya fara gano mai karɓar estrojin a Jami'ar Chicago ta Amurka a 1958, aka daɗe ana zaton shi kaɗai ne sai a 1996 masu bincike a Suwidin suka gano na biyu. Ɗan Adam nada ƙunshin gado 46 a cikin ƙwayoyin jikinsa, wato ƙullin dake ɗauke da rubutun abinda ya gada, jere biyu-biyu har 23, umarnin ƙera mai karɓa na farkon yana kan ƙunshi na 6, na biyun yana kan na 14, kuma kowannensu akwai wuraren da harafi ɗaya ke bambanta tsakanin mace da mace. Estrojin shi ke riƙe da laushi da danshin gaba da gudun jini a wurin, wato dai abinda mu muke kira ni'ima, to kinga mata biyu zasu iya zuwa da sakamakon gwajin jini iri ɗaya amma abinda jikinsu keji daban.

Na testosteron ma yafi ban mamaki. Umarninsa yana kan ƙunshin da ake kira X, ɗaya daga cikin masu bambance jinsi, kuma a cikinsa akwai haruffa uku, CAG, da suke maimaita kansu a jere, wata nata sau goma sha wani abu, wata ashirin da wani abu, wata ya haura talatin. A ɗakin gwaji an ga cewa in jeren ya yi tsawo mai karɓar yana rage kaifi, in gajere ne yafi ji. Mace kuma X biyu gareta, na uwa da na uba, a kowace ƙwaya jiki na kashe ɗaya ya bar ɗaya yana aiki, wata Baturiyar Ingila Mary Lyon ce ta bayyana hakan a 1961, shi yasa ko 'yan ɗaki ɗaya ba lallai su zo ɗaya ba. Akwai ma waɗanda ake haifa da mai karɓar nan baya aiki kwata-kwata, ƙunshinsu XY ne irin na maza, testosteron cike da jininsu, amma jiki ya fito na mace sak, sau da yawa ba'a ganewa sai an ga shekaru sun ja al'ada bata zo ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki yawan sinadari ba shine magana ba.

Amma kar wata ta karanta wannan ta ce shikenan gado ne na haƙura, wlh ba haka nake nufi ba. A 2005 masu bincike a asibitin St Thomas dake Landan sun tambayi tagwaye mata wajen 4,000 akan samun gamsuwa lokacin saduwa, suka lissafa cewa gado na ɗaukar kusan kashi 34 cikin 100 na bambancin dake tsakanin mata. Sauran kashi biyu cikin uku fa? Rayuwa ce. Mai shayarwa sinadarin nono na danne mata estrojin, bushewa kan faru kuma tana wucewa, ba asiri bane. Wasu ƙwayoyin tsarin iyali suna ƙara wani furotin a jini dake ɗaure testosteron, wata ta sha bata ji komai ba wata sha'awarta ta ɗauke, sai a canza mata wani. Ciwon suga, wasu magungunan hawan jini da na damuwa, ɗinkin haihuwa da bai warke daidai ba, ɗaukewar al'ada wajen shekara 50, duk suna iya taɓa sha'awa ko ni'ima. Sannan ga Legas kanta, matar da ta tashi kafin asuba ta ɗora girki ta kai yara makaranta ta sha goslo a danfo, ɗaki ɗaya da yara huɗu ba wuta ga zafi, maigida ya dawo ba sannu ba wasa sai ki matso, a haka kuma ace ita ce mai matsala. Haba maza, ku ma ku duba kanku mana.

Kuma binciken da aka yi na haɗa waɗannan haruffa da sha'awar mace kai tsaye bai tsaya a magana ɗaya ba, wasu sun ga alaƙa wasu basu gani ba, yawancinsu ma akan Turawa aka yi, alhali an san jeren CAG na 'yan asalin Afirka yafi gajarta in aka ɗauki matsakaici. Don haka duk wanda ya ce zai gwada miki jini ko yawu ya faɗa miki ƙarfin sha'awarki, kuɗinki yake so. Haka masu sayar da allura ko man shafawa na testosteron a boye, a 2019 manyan ƙungiyoyin likitocin duniya sun fitar da matsaya cewa hujjar amfaninsa ga mata ta tsaya ne akan waɗanda al'ada ta ɗauke musu kuma rashin sha'awar ke damunsu, shima da kulawar likita, in yayi yawa sai gashi a haɓa da ƙuraje, murya ma tana iya buɗewa ta ƙi komawa.

Dabino da aya da kwakwa da zuma abinci ne, kisha abinki in baki da suga. Wanda nake roƙon a bari shine na cusawa da wanda ba lambar NAFDAC ba sunan abinda aka haɗa, muna ganin masu zuwa da ƙuna da ƙaiƙayi da warin da da babu shi, in an tambaya sai sunkuyar da kai. Ki zo da kwalbar ko ƙullin asibiti a gani, in kina jin nauyin likita namiji ki ce mace kike so, haƙƙinki ne.

Malam Edita, ga asibitin koyarwa na LUTH nan a Idi-Araba tsakiyar Hausawa, ga LASUTH a Ikeja, dan Allah ku nemo likitar mata mai jin Hausa ku bata shafi ko sau ɗaya a wata, mata su turo tambaya ba tare da an buga sunansu ba.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar jinya, Agege, Legas