Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

An yi tarukan wata-wata, ban da na azumi da muka ɗage.

Abin alfaharinmu bana shi ne zaman nazarin bugun Pi2, wato 'yar gajeriyar girgizar filin maganaɗisun duniya, da muka shirya bayan guguwar maganaɗisu ta 10 ga Mayu, wadda rabon da a ga irinta tun 2003. Ɗaki ya cika maƙil, har da masu leƙe ta taga. Malamin da muka gayyato ya faro daga 1964, lokacin da masanin sararin samaniya Akasofu ya fayyace yadda ƙaramar guguwar maganaɗisu ke tashi. Daga nan ya kai mu wutsiyar maganaɗisun duniya, can ɓangaren dare, inda ƙarfin da iskar rana, wato ƙwayoyi masu caji da rana ke fesowa, ta tara yake kwancewa farat ɗaya. Iskar mai caji ta kwararo wajen duniya, ta tarar da filin maganaɗisu mai ƙarfi, ta ja birki, girgizar kuma ta iso ƙasa, ita ce bugun Pi2. Kowane zagaye na bugun yana cin daƙiƙa 40 zuwa 150. Wanda ake gani kusa da ikwaita kuwa, masana da dama na ganin kogon plasma, wato iska mai caji, da ke kewaye da duniya ne yake amsawa kamar cikin ganga. Ko taurarin ɗan'adam na THEMIS biyar da NASA ta harba a 2007 ba su kashe gardamar asalin bugun ba.

Malam ya ƙi taɓa bayanan daren guguwar, ya ce hayaniya ta yi yawa. Ya ɗauko na wani dare mai natsuwa. Layin awon maganaɗisu yana kwance a allo, sai ya yi 'yar rawa, ya lafa. Har tafi aka yi. Allah Ya saka masa da alheri, ko kuɗin mai bai karɓa ba.

Masu tambayar ina na'urar auna maganaɗisun da muka ce za mu haɗa, ba barci kwamiti ya yi ba. Ramin binne ta an haƙa, nesa da wayoyin lantarki. Kayan cikinta da dala ake saye, kun kuma ga halin da naira ta shiga bana. Sannan ko rabinmu ba su biya kuɗin wata ba. Ilorin tana da tashar auna maganaɗisu ta MAGDAS, mu muna nan muna gadin rami!

Wasu a WhatsApp kaɗai muke jin ɗuriyarsu, su ne kan gaba wajen ba da shawara. Ni dai na gaji da bin manya bashi. Duk wanda ake bi ya ga ma'aji kafin taron Janairu, ranar za a karanta sunaye.

Sakatare