Kada Ka Sayar da Fiyanon Nan

Assalamu alaikum.

Mutumina, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya Fatakwal, ya haƙuri da ruwanta? Mu nan ƙauye sai godiya, gero ya shiga rumbu, riɗi muke kaɗewa, hunturu kuma ya fara leƙowa. Inna tana gaishe ka, ta ce tun babbar salla ba ta ji muryarka ba.

Na ga saƙonka cewa in kai fiyanon da ka bar min ajiya Sabon Gari a sayar, tunda sautukansa sun tsufa. Ban kai ba, kuma ina roƙonka ka saurare ni kafin ka yi fushi.

Gaskiyarka ce, sautukan sun tsufa. Amma allon dannawar lafiyarsa lau, yana jin bambancin taɓawa a hankali da bugu da ƙarfi, ga kuma ɗan gargaren lanƙwasa sauti a hagu. Ka tuna ramukan nan biyu zagayayyu na bayansa, masu ƙofofi biyar-biyar, da ba mu taɓa kulawa da su ba? MIDI ke nan, wato hanyar da kayan kiɗan lantarki da kwamfuta suke magana da juna. Da na shiga Kano na sayo wayarsu, kai ɗaya a fiyano, ɗayan a USB na kwamfuta, na buɗe FL Studio, manhajar haɗa kiɗa. Tun ranar fiyanonka ya zama shi ke ba da umarni, sikwansa, wato ɓangaren manhajar da ke adana abin da aka danna, tana rubutawa, sautin kuma yana fitowa daga duk inda na ga dama.

Abin da ya fi ɗaure min kai da farko shi ne, ba sauti ke bi ta wayar ba. Labari ne kawai: wane maɓalli aka danna, yaushe, da wane ƙarfi, yaushe aka saki. Kowane maɓalli da lambarsa tsakanin 0 da 127, C na tsakiya shi ne 60. Don haka abin da na kaɗa yau da muryar fiyano, gobe sai in mayar da shi sarewa ba tare da na sake taɓa allo ba. In yatsa ya zame, wannan guda ɗayan zan gyara. Tun Janairun 1983 aka fara nuna wannan tsari a Amurka, da aka haɗa fiyanon lantarki biyu na kamfanoni daban-daban, Prophet-600 da Jupiter-6, suka yi magana da juna, kuma har yau ana amfani da wannan harshen. Shi ya sa tsohon kayanka da sabuwar manhaja suke fahimtar juna.

Na sha wuya fa. Kwana uku duk abin da na danna sai ya fito biyu, siriri kamar mai magana ta hanci, in na haɗa yatsu da yawa wasu su ɗauke. Har na zargi wayar. Ashe fiyanon yana kaɗa wa kansa, sannan sikwansa ta dawo masa da saƙon ya sake kaɗawa. Maganin yana cikin saitinsa, wani wuri da aka rubuta Local. Ka kashe shi, ka raba allo da injin sautin, sai komai ya bi ta sikwansa tukuna. Ka riƙe wannan ko don gaba. Kuma in an kashe Local ba a kunna kwamfuta ba, fiyanon shiru zai yi. Ranar farko gabana ya faɗi, na ɗauka na ƙona maka kaya.

Waya ɗaya tana ɗaukar layi 16, kowane layi da kayan kiɗansa. Na goma na ganguna ne, haka aka tsara tun 1991. Amma kalangu na ware masa layinsa shi kaɗai, saboda gargaren nan in ka murza shi, duk abin da ke kan layi yake lanƙwasawa. Da shi nake kwaikwayon yadda makaɗi ke matse kalangu a hammata ya saki. Bai kai na gaske ba, ba kuma zai kai ba, amma yana ɗan magana.

A nan ne na yi kuskuren da ya fi koya min. Akwai umarnin da ke jawo kowane bugu ya zauna daidai kan layin awo. Na sa wa kalangun, na ji ya yi tsaf, na ji daɗi. Sai na kunna wa tsohon nan makaɗin mahauta na bayan kasuwa. Bai kai rabi ba ya girgiza kai, ya nuna min cewa hannunsa yakan ɗan jinkirta a wani wuri ya riga a wani, kuma nan ne rawar take. Na dawo na soke. Yanzu babbar ganga kaɗai nake daidaitawa, sauran in bar su yadda yatsuna suka faɗa, ko da zan maimaita sau goma. Linzamin kwamfuta ba zai ba ka wannan ba, dole sai allo a ƙarƙashin hannu.

Maɓalli biyu sun fara ihu ko da an shafa su. Ƙura ce. A ƙarƙashin kowanne akwai 'yan robobi biyu da ke auna saurin dannawa, in ɗaya ya yi datti sai ya aika 127 kullum. Na kwance, na goge da auduga da sifirit, sun dawo. Na sa an ɗinka masa riga, ba ya kwana a buɗe. Wuta kuwa, sola da batir ɗaya suna riƙe ni har wajen sha biyun dare.

In matsin kuɗi ne ya sa ka ce a sayar, faɗa min abin da kake nema. Idan na kai riɗina Gujungu zan turo maka rabi, sauran bayan bukukuwan kaka, don an riga an ba ni aikin waƙar aure biyu. In kuwa za ka iya haƙuri, bar shi a hannuna har ka zo, ka zauna ka danna da kanka. Akwai wani kiɗa da na bar layi na uku babu komai, kai nake jira.

Ka gaida mutanen gidanku na can. Ka kira Inna ranar Juma'a.

Naka har kullum,
abokinka na ƙuruciya.