Na sayi Lincoln ɗin nan, mutumina

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya yara, ya ƙarfin jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata lafiya. Mu nan Columbus ta jihar Ohio a Amurka lafiya lau sai godiya, sanyi ne dai ya fara leƙowa.

Albishirinka. Motar nan da na dame ka da hotunanta a WhatsApp, to ta zama tawa. Lincoln Continental Mark V ce ƙirar 1978, mai ƙofa biyu, ruwan toka da kujerun fata ja. Wallahi hoto bai nuna girmanta, tsawonta ya kusa mita 6, bonet ɗin kaɗai in ka zauna a sitiyari sai ka ga kamar ba zai ƙare ba. Fitilun gaba a rufe suke da murfi sai ka kunna su buɗe, ga wata 'yar taga mai siffar ƙwai a gefe ta baya, ga tudun nan a murfin but kamar an ajiye safaya taya a ciki alhali ado ne kawai. Shekara uku kacal Ford suka yi suna ƙera irinta, 1977 zuwa 1979, a masana'antarsu ta Wixom a jihar Michigan, daga nan dokar tsimin mai ta sa aka rage wa motocin Amurka jiki gaba ɗaya.

Wajen wani dila mai sayar da tsofaffin motoci zalla na same ta, mutumin kirki ne bai ɓoye min komai ba, amma ka san dila dila ne, shi fenti da ƙyalli zai fara nuna maka. Ni kuma na tafi da bakanike na biya shi kuɗin yininsa, muka sa aka ɗaga ta sama muka shiga ƙarƙashi da tocila. Don a nan yankin namu gishiri ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara, kuma gishirin nan cin ƙarfe yake ba wasa, za ka ga mota tana sheƙi a sama ƙasanta kuwa ya ruɓe. Bakaniken ya ɗauko ɗan maganaɗisu yana bin jikin motar da shi, ƙasan ƙofofi, bakin tayoyin baya, duk inda ya ƙi kamawa to an cike wajen da fila ne aka shafe da fenti. Sannan ya bi rufin da yatsa yana dannawa a hankali, saboda rufin an lulluɓe shi da wata leda mai laushi, ruwa na shiga ƙarƙashinta tsatsa ta yi ta aiki ba wanda ya sani, in ka ji ƙuraje ƙuraje ko wani ƙaras ƙaras a gindin gilashin baya to ka haƙura kawai. Tamu shiru, alhamdulillahi.

Takardu ma sai da na bi su. Carfax, wato shafin da ake duba tarihin mota, ba ya aiki a kanta don lambar shasinta mai harafi 11 ce, ita 17 ɗin da aka sani yanzu sai 1981 aka fara. Sai na nemi Marti Report, wato rahoton wani kamfani da ke da tsofaffin bayanan Ford, ya nuna a Arizona aka fara sayar da ita, inda a yawancin wurare ba ƙanƙara ba gishiri, shi ya sa ƙasanta ke fes. Harafi na biyar a lambar kuma A ne, wato injin 460 ne mai lita 7.5, kuma 1978 ce shekarar ƙarshe da aka sa mata shi, a 1979 ƙaramin 400 kaɗai ya rage. Mitar kuwa ban dogara da ita ba, lamba biyar gare ta, tana wuce mil 99,999 sai ta koma sifili, gara ka duba cinyewar robar birki da kujerar direba.

Babu garanti, a rubuce yake a takardar da ke manne a gilashi, kana fita ƙofa komai ya zama naka. Da haka na samu na yi ciniki sosai, tunda esi ba ya sanyi, tsohon gas R-12 yake sha sai an juya shi zuwa R-134a, tayoyin sun tsufa duk da ba su cinye ba, kafireto na son wanki, tiyon mai duk sai an canza don man yanzu da ake haɗawa da ethanol yana cin tsohuwar roba. Kuɗin sai mun yi waya zan faɗa maka.

Na san za ka ce shan mai fa? Tana sha kam, sosai ma. Amma ba motar zuwa aiki ba ce, lambar motocin tarihi zan yi mata, wadda Ohio ke ba motar da ta haura shekara 25. Kuma da ka ji yadda take tafiya a babban titi, injin ko tari babu, rami ma sai dai ka gan shi ba dai ka ji shi ba, da ka gane abin da ya sa na daɗe ina tara kuɗinta.

Yanzu gareji nake nema in kulle ta kafin a fara zuba gishiri, sai Afrilu in fito da ita in Allah ya kai mu. In bizarka ta fito ka daidaita zuwanka da lokacin dan Allah, mu je Detroit da ita, tafiyar awa uku da 'yan kai ce. Ka gaishe min da Hajiya da mai ɗakinka da duk 'yan majalisa.

Naka har kullum,
abokinka na Columbus