Godiya ga shagon sassaƙa ƙarfen da ya ƙera mana tocila a Sakkwato

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Maigida da dukkan yaran shago, ina fatan kuna lafiya. Yaya aiki, yaya zafi? Na rubuto wannan takarda a bainar jama'a ne a madadina da abokan nomana da ke ban ruwan albasa a fadamar Kwalkwalawa. Kun nemi kada a ambaci sunan shagonku, na kuwa bi, amma aikin da kuka yi bai kamata ya tsaya tsakaninmu da ku kaɗai ba.

Duk wanda ya taɓa ban ruwa da dare ya san tocila ba ado ba ce. Da ita ake duba injin famfo, da ita ake bin kwarin ruwa, da ita ake ganin kububuwa kafin a taka ta. Ta roba da ake sayarwa a kasuwa faɗuwa ɗaya ce ta tsage. Shi ya sa muka haɗa kuɗi muka sayo ƙwan LED mai ƙarfi da batir mai caji samfurin 18650, muka zo gare ku domin ku sassaƙa mana jikin tocilar da alminiyum.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar ƙarfen. Mun zo da kuɗin wani nau'in alminiyum mai lamba 7075 a hannu, wanda ake ta yabo saboda da irinsa ake wasu sassan jirgin sama. Da wani ne, sai ya karɓe kuɗi ya yi shiru, tunda shi ya fi tsada. Ku kuwa Maigida sai kuka ajiye aiki, kuka ɗauko sanduna biyu, ɗaya ta 7075 ɗaya ta wani nau'in alminiyum mai lamba 6061, kuka yi mana bayani tiryan-tiryan. Kuka ce 7075 zinki ne ya yi masa yawa, kusan kashi 6 cikin 100, ƙarfinsa kuma ya kai wajen megafaskal 570, alhali na 6061 wajen 310 ne. Amma 6061, wanda aka gauraya da maganiziyam da silikon, ya fi shi fitar da zafi, wajen 167 a ma'aunin da 7075 yake 130. Ya fi jure laima, ya fi karɓar rufin kariya da ake yi wa fatar ƙarfen sumul, ya kuma fi araha. Sannan kuka tambaye mu: me ke kashe tocila a garin nan, duka ko zafi?

Amsar a fili take. A watan Afrilu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40, dare ma iska da ɗumi take kaɗawa. Ƙwan LED idan ya ɗau zafi haskensa raguwa yake yi, kwanansa kuma ya gajarta. Jikin tocilar shi ne hanyar da zafin zai bi ya fita. Ƙarfin 6061 kuwa ya ishi abin da ake riƙewa a hannu har ya yi saura. Ragowar kuɗinmu kuka mayar mana.

Wani daga cikinmu ya kawo shawarar a narka tsofaffin gwangwanaye da fistin inji kamar yadda masu tukwane ke yi. Ba ku raina sana'ar masu tukwane ba, kun dai nuna masa cewa narkakken tarkace ba a san me ke cikinsa ba, yana da ƙananan ramuka, kuma tiredi, wato tsagin da ake murɗawa a ɗaure, ba ya daɗewa a jikinsa. Kun kuma gargaɗe mu kada mu kai tocilar wurin mai walda, domin alamar T6 da ke jikin sandar tana nufin an gasa ƙarfen an tsoma shi a ruwa an sake gasa shi a hankali, wuta kuma tana warware wannan taurin.

Sai ƙirar kanta. Kan tocilar da wurin zaman ƙwan duk daga sanda ɗaya kuka fitar, babu haɗi, don zafi ya wuce kai tsaye zuwa tsagogin da kuka yanka a kewaye. Ƙarƙashin ƙwan kuka sa faifan jan ƙarfe. Na so a yi jikin gaba ɗaya da jan ƙarfe saboda kyawunsa, amma da na ɗaga guntunsa na ji nauyin, fiye da ninki uku na alminiyum, na gane ba abin yawo ba ne a cikin laka har asuba.

Tiredin da kuka yanka mai faɗin baki ne, ba mai tsini ba, don kullum sai an kwance an yi cajin batir. Zoben roba biyu kuka sa a kowace mahaɗa saboda ruwa da ƙurar hunturu. Kun yi wa mariƙin kaushi yadda hannu mai taɓo ba zai sulɓe ba, kun kuma sassaƙe gefen kan ya zama shafaffe don kada ta gangara cikin ruwa idan an ajiye. Wannan ƙaramin abu yaronku ne ya kawo shi, wanda ya ce mahaifinsa ma manomin rani ne. Allah Ya yi masa albarka.

Game da baƙin rufin kariya mai tauri da ake yi wa jikin tocila, wanda kaurinsa ke kai wajen maikiron 50, wato kashi 1 cikin 20 na milimita, kun faɗa mana gaskiya cewa ba ku da kayan yin sa, sai dai a aika wani wuri, kuma za a jira. Mun jira. Kun bar bakin bututun babu rufi domin wuta ta bi ta nan, saboda haka da an ɗan sassauta gindin tocilar sai ta yanke, ba ta kunna kanta a aljihu.

Roƙo ɗaya gare ni: a na gaba a ƙara maƙalin aljihu, domin mai tayar da inji yana bukatar hannu biyu.

Allah Ya sa albarka a sana'arku, Ya ƙara kasuwa, Ya tsare yaranku daga sharrin inji. A gaida iyali.

Naku,
Wani manomin rani daga Kwalkwalawa, Sakkwato