Matasa su dubi hanyar da Ahmed Musa ya bi kafin a sayar da gona

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin iyaye da matasan da ke ɗokin zuwa Turai buga ƙwallo.

Kowa na kafa misali da Ahmed Musa, amma kaɗan ne ke duba yadda ya fita. Sai da ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010 sannan VVV-Venlo ta Holan ta neme shi. Ko a nan ma sai da ya jira ya cika shekara 18 a watan Oktoban 2010, domin dokar FIFA ta hana a sayar da yaron da bai kai wannan shekarun ba zuwa wata ƙasa. Venlo ƙaramar ƙungiya ce, amma tana sa shi a wasa, kuma a can CSKA Moscow ta gan shi ta saye shi a 2012, har ya ɗauki kofin lig na Rasha sau uku.

Zamansa a Leicester ya fi cancantar nazari. Sun ɗauke shi a 2016 suna riƙe da kofin Firimiya, ga ɗan wasansu Jamie Vardy ya kama gurbin gaba. Da aka sallami kocinsu Claudio Ranieri a Fabrairun 2017, zaman benci ya ƙaru. Sai da ya koma CSKA aro a Janairun 2018 ƙafarsa ta dawo, ya zura wa Iceland biyu a gasar cin kofin duniya. A ganina, ɗan wasan da yake zaune a benci, komai girman ƙungiyarsa, darajarsa raguwa take yi.

Abin da ke ci mini rai shi ne dillalan bogi. Ƙungiyar da take son yaro da gaske ba ta karɓar kuɗin gwaji a hannunsa. Takardar gayyata za ta aiko wa ƙungiyarsa ta gida, sannan ba zai buga wasa ba sai hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya (NFF) ta fitar da takardar sauya sheƙa ta ƙasa da ƙasa. Wanda aka fitar da bizar yawon buɗe ido, da ta ƙare sai ɓuya, dillali kuma ya kashe waya. Ƙungiyar da ta rene shi ma ta yi asarar kuɗin horarwa da FIFA ta tanada, matuƙar ba ta yi masa rajista tun yana ƙarami ba.

Ina kira ga NFF da ta riƙa wallafa sunayen wakilan da ke da lasisin FIFA, har da Hausa a gidajen rediyo, domin iyaye su bincika kafin su biya ko sisi.

Wassalam,
Wani mai horar da matasan 'yan ƙwallo